Jinin Babba A Katin Jariri

Matar da ke kula da babban injin gwajin jini ce ta fara gani. Da hantsi ta shigo ɗakin gwajinmu, ko sallama ba ta yi ba, ta ajiye kati a kan tebur ta ce jinin da ke jikinsa ba na jariri ba ne. Kowane jariri yana zuwa duniya da wani irin jini na zaman ciki, sai ya yi watanni kafin ya ƙare a jikinsa. Wannan katin babu ko ɓurɓushinsa. Jinin babban mutum ne lafiyayye aka ɗiga, aka rubuta sunan jaririn da ko cibiyarsa ba ta faɗi ba.

Ni na ƙirƙiro katin. Takarda ce mai kauri, ba ta kai tafin hannu ba. Nas za ta huda diddigen jariri ta dangwala jini a jikinta, a kawo mana ɗakin gwaji mu ɗiga mata wani ruwa. Idan jaririn yana da sikila, tsakiyar ɗigon zai yi duhu kafin shayi ya huce. Har yanzu ana kan gwada shi ne, don haka kowane jariri kati biyu ake ɗaukar masa, ɗaya namu, ɗaya na babban inji, a ga ko katina yana ƙarya. Na wannan jaririn duka biyun sun ce lafiya lau, kuma duka biyun jinin babba ne.

Kafin azahar kowa a asibitin ya gama lissafinsa. Wa ke cin riba idan kati da inji suka yi baki ɗaya? Ni. Babban Likita ya kira ni ofis ya dakatar da ni. Ya ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata, idan ta tabbata maguɗi na yi za a rufe gwajin, a karɓe lasisina.

Abin da ya ƙara wa mutane haushi shi ne jaririn jikan Malam ne. Malam shi ne shugaban ɗakin gwaji, shi ya koya mini riƙe kwalbar jini tun ina ɗaliba. Bai zarge ni ba, bai kuma wanke ni ba. Alfarma ɗaya ya nema a wurin Likita: kada a gaya wa 'yarsa komai tukuna, domin jininta ya hau wajen haihuwa, a bar ta ta farfaɗo kafin a sake huda yaron. Likita ya yarda.

Da ma Farfesa suke kirana, kuma ba don girmamawa ba. Ranar har masu shara sun samu bakin faɗar sunan.

* * *

Asibitin yana da wani tsohon ɗan sanda da ake kira idan abu ya ɓace. Sannu-Sannu ake ce masa, don ko kujera zai ja sai ya duba ƙafafunta. Ya zo da tabarau rataye a wuya da zare, ya ce shi abin da ya sani game da jini bai wuce cewa ja ne ba, saboda haka yana so a ba shi wanda zai riƙa yi masa bayani. Likita ya lissafa masa mutane. Ya ce a'a, wadda ake zargi yake so, ya fi son ganinta a gabansa.

Na gaya masa tun farko cewa ban zo roƙo ba. Na ce da zan yi maguɗi, ba wautar jinin zaman ciki ce za ta kama ni ba, ɗalibin shekarar farko ma ya san da shi.

“Wannan hujjar ɓarawo mai ilimi ce, 'yata,” ya ce. “Na sha jin ta. Wani lokacin ma gaskiya ce.”

Ya tambaya me zai hana a ɗebi jinin kowa a gwada da na katin. Na ce rukunin jinin na gama-gari ne, fiye da rabin ma'aikata shi gare su, gwajin da zai nuna mutum ɗaya tak kuwa sai an aika nesa, kuma kafin ya dawo kwamiti ya tashi. Ya tambaya ko daga kwalaben firji aka ɗiba. Mai inji ta ce a'a, jinin kwalba yana da maganin hana daskarewa, wannan babu. Daga jiki ya fito kai tsaye.

Ya ce to ashe wani ya huda kansa. Sai mu je kallon hannaye.

* * *

Sista ce ta ɗauki jinin yaron, ita ce babbar nas a ɗakin masu jego. Ta karɓe mu a tsaye tana ninke zanen gado, ta ce ta huda, ta dangwala, ta sa a ambulan, ta kai ɗakin gwaji da hannunta, abin da ya faru bayan nan a tambayi masu digiri. Sannu-Sannu yana ta gyaɗa kai. Ni kuwa idona yana kan hannunta na hagu. Gefen yatsunta duk ƙananan huji ne, wasu sababbi.

Ban jira shi ba. A gaban ƙananan nas-nas da wata maijego na ce ta nuna masa yatsunta.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jawo jakarta daga ƙarƙashin tebur, ta zazzage ta a kan gado. Na'urar awon suga ta faɗo, da allurai, da kwalbar magani. Ciwon suga gare ta, ta ɓoye shi don kada a ɗauke ta daga ɗakin da ta tsufa a ciki a mayar da ita wajen rubuta kati.

“Kin ji daɗi, Farfesa?” ta ce. “Ko in tuɓe a duba sauran?”

Ban ba ta haƙuri ba, bakina ya ƙi. Amma har muka fita ban iya ɗaga ido in kalli yaran nan da ke tattara mata kaya ba.

Sannu-Sannu ya roƙi Sista ta bar shi ya ga yadda ake aikin. Aka kawo wata jaririya, aka goge diddigenta, aka huda. Ta tsala kuka tana shure-shure, Sista tana bin ƙafar da kati kamar mai kamun fara. Da aka gama ya sa tabarau, ya ajiye sabon katin kusa da na bogi. Na Sista ɗigon ya karkace, wani ya yi wutsiya, wani ya zarce layi. Ya nemi tsofaffin katuna, duk haka suke. Na bogin kuwa kowane ɗigo zagaye yake kamar kwabo, girmansu ɗaya, babu wanda ya taɓa layi.

Ya tambaye ni wa ke iya ɗiga jini haka. Na ce sai wanda ya zauna a tebur da siririn bututun awo. Ya tambaya su wa ke da bututun. Na ce mu uku: ni, da Malam, da Dogo.

Ya ce wa Sista ta yafe masa ɓata mata lokaci. Ni ce dai na fita daga ɗakin, igiyar zargi ta ƙara matse wuyana.

* * *

Dogo ya riga ni fara aiki, kuma bai taɓa yafe wa katin ba. Ya sha faɗa a kantin shayi cewa takardar goge hannu ce aka yi wa suna. Mabuɗin ɗaki yana hannunsa a makon. Sannu-Sannu ya zauna da shi ya bar shi ya zage ni son ransa, ina tsaye a bakin ƙofa. Da Dogo ya gaji sai ya ce, shi fa idan zai ɓata mini, katin zai sa ya faɗi, ba ya tashi ya gyara masa sakamako ba. Ya miƙa yatsunsa goma, babu huji. Ya ƙara da cewa shi yana ɗauke da rabin sikila, kowa ya sani, jinin katin kuwa babu ko rabi.

Malam ma ya miƙa nasa hannayen tun ba a tambaye shi ba, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Fes. Ya rame a 'yan kwanakin nan, mutane suna cewa baƙin cikin abin da na yi wa jikansa ne.

Saura ni. Muna komawa ofishin da aka ba shi na rufe ƙofa, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a asibitin ba sai Malam. Ina da sikila, cikakkiya. Da ita na yi makaranta, da ita na rubuta jarrabawa ina cije leɓe, da ita na ƙirƙiro katin. Na ɓoye ne don na san ranar da aka sani za a fara yi mini magana a hankali, a riƙa ɗauke mini aiki, a ce ai ta yi ƙoƙari. Ni ban zo duniya don a ce na yi ƙoƙari ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, amma wannan ya nuna jinin ba daga jikina ya fito ba ne kawai, bai nuna ba ni na ɗiga ba. Ina da ƙawaye, ina da ƙanne.

Na ji kamar in kwaɗa masa kujera. Ya ce idan na gama fushi in same shi gobe.

A makon nan ciwon ya tashi, da ma ba ya son tashin hankali. Ƙasusuwan ƙafata kamar ana sara da gatari. Mama ta ce in zauna a gida, wanda aka dakatar me zai je yi, ko so nake in faɗi a gabansu su ji daɗi? Na haɗiye magani na sa takalmi. Kullum ta babbar ƙofa nake shiga, in bi ta gaban kantin shayi inda hira ke mutuwa idan na iso. Ban taɓa ɗingishi a gabansu ba. Sai na shiga banɗaki nake jingina da bango.

* * *

Na same shi a ɗakin wanki, zaune a kan bokiti yana hira da mai wanki kamar 'yar uwarsa. Ya ce tunda hannaye sun ƙi magana, ya zo ya tambayi riguna. Mai wanki ta ware wata farar riga ta ɗakinmu tun makon da abin ya faru, tana jiran a kawo mata maganin cire tabo. Rigunanmu ba su da suna, girmansu ɗaya, a ƙusa ɗaya muke rataye su, wanda ya riga zuwa ya ɗauka.

Ya shimfiɗa ta a kan tebur. Ya ce ya duba riguna da yawa, jini yana zuba a hannun riga, a ƙirji, a bakin aljihu. Wannan kuwa ɗigo biyu ne a wuyan riga, ta gefen hagu, can saman kafaɗa. Ya tambaye ni ta yaya jini ke faɗowa mutum a nan, sai ka ce daga sama.

Na sani kafin ya rufe baki.

Lokacin da nake ɗaliba, idan ciwon ya tashi yatsuna suka kumbura, Malam yakan rufe ƙofar ɗakin gwaji ya zaunar da ni ya duba jinina da kansa. Ba ya taɓa yatsun. Fatar kunne yake murzawa ya huda, ya ce haka aka koya musu a zamaninsu, kunne ba ya zafi kuma ba ya rowa. Sannan ya ce wa mutane ya aike ni ɗakin karatu, ni kuwa ina kwance a bayan firji a kan kwali har ciwon ya lafa. Shekara da shekaru bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce wa Sannu-Sannu ban sani ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to.

Na fita har bakin babbar ƙofa. A nan na tsaya. Mutum ba ya canza jinin jikansa don kati ya ce lafiya, sai idan katin ya faɗi wani abu daban. Yaron yana can gida, uwarsa tana ganin lafiyayye ne, babu mai ba shi maganin kariya. Na san abin da zazzaɓi ɗaya ke yi wa irinmu a watannin farko, Mama ta binne yayana kafin a san sunan ciwon.

Na koma. Yana nan a kan bokitinsa, kamar ya san zan dawo. Na ce ya tara su, ya miƙa musu jikinsa kowa ya ɗauki jini, amma ya hana a taɓa masa yatsu. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

* * *

Aka taru a ɗakin gwaji: Likita, Sista, mai inji, Dogo, Malam da ni. Sannu-Sannu ya zauna a tsakiya ya ce yana so kowa ya ɗebi jini a jikin shi Sannu-Sannun ya cika kati, ya ga hannun kowa. Sai dai yatsunsa sanyi ya kama su, a nemi wani wuri.

Sista ta ɗaure masa damtse ta nemi jijiya, tana mitar cewa tsoho da tsoron allura. Dogo ma jijiyar ya nema, ya kuskure sau ɗaya, Sannu-Sannu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da makarantar da ta yaye shi. Har Likita ya yi dariya.

Aka zo kan Malam. Ya jiƙa auduga, ya zagaya bayan kujera, ya kama fatar kunnen Sannu-Sannu ya fara murzawa. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Sai da ya ɗauki tsinken huda sannan ya tsaya.

“Ci gaba mana, Malam,” in ji Sannu-Sannu.

Sannu-Sannu ya jawo leda daga ƙarƙashin kujera ya fito da rigar, ya ɗora a kafaɗarsa, wuyan rigar ya zauna daidai ƙarƙashin kunnen da Malam ke riƙe da shi. Ya ce ya yi ta tunanin ta yadda jini ke faɗowa daga sama, ashe ba daga nesa ba ne.

Malam ya ajiye tsinken. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hula ya riƙe a cinya. Da ya fara magana muryarsa ba ta rawa, kamar yana karanta sakamakon wani.

Shi ya gwada jinin 'yarsa da na yaron da take so kafin su yi aure. Dukansu biyu suna ɗauke da rabi. Tana tsaye a bakin ƙofar nan tana jiransa da murmushi, ya fito ya ce musu babu komai. Ya gaya wa kansa ɗaya ne cikin huɗu, Allah zai ba su ukun. Ranar da Sista ta kawo ambulan kowa ya fita cin abinci, ya ɗiga ruwan da hannunsa, ya ga tsakiyar ɗigon tana duhu. Ya ƙona katunan biyu a kan wutar gwaji, ya cika sababbi. Ya yi niyyar ya riƙa ba yaron magani a ɓoye da sunan maganin ƙarin jini. Jinin ciki kuwa ya san da shi sarai, amma injin da ya saba da shi ba ya nuna shi, kuma a lokacin ba ya cikin hankalinsa.

Likita ya tambaye shi, da ya ga abin ya faɗa kaina fa?

“Na yi shiru,” Malam ya ce. “Kullum sai in ce gobe.”

Babu wanda ya kalli wani. Dogo yana ta goge teburin da babu komai a kai. Likita ya cire tabarau ya mayar. Sista ta matse audugar da ke hannun Sannu-Sannu fiye da yadda ake bukata.

Malam ya ɗago ya dube ni.

“Ke kika gaya masa.”

“Ni ce, Malam.”

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, ko ya tona nawa asirin a gabansu mu yi kunnen doki. Bai yi ba. Ya ciro mabuɗan ɗakin daga aljihu ya ajiye a gaban Likita, ya roƙi a bar shi ya fita ta ƙofar baya.

* * *

Likita ya janye dakatarwar a tsaye, yana kallon taga. Ya ce zai yi wa kwamiti bayani, gwaji zai ci gaba. Sannan ya ce dole wani ya je gidan maijegon yau ɗin nan, kuma yana ganin ba sai ni ba. Na ce katina ne, ni zan je. Sista ta ɗauki jakarta ba tare da an ce mata ba.

Muka shiga mota. Da muka kusa na ce mata abin da na yi mata ranar nan ba daidai ba ne. Ta ce ta sani, in riƙe akwatin da kyau kada ruwan ya zube.

'Yar Malam ta tare mu da murna, Anti take kirana tun tana makarantar sakandare. Ta shimfiɗa mana darduma a ɗakinta mai ƙamshin hoda da man jarirai, tana ba mu haƙurin kayan wanki da ke kan kujera. Ta ce Baba ya daina ɗaga wayarta, ko aiki ne ya yi masa yawa? Sista ta ce a kawo mata angon nata ta gani. Na ce katin farko ya samu matsala, za mu sake.

Ta riƙe shi a kafaɗa tana lallashi, Sista ta huda. Na ɗora katin a kan murfin akwati na ɗiga ruwan. Shekaru na yi ina jiran ranar da katin nan zai kama ciwon a jikin jaririn da babu wanda ya zata, in nuna wa duk masu cewa takardar goge hannu ce. Na zauna a kan darduma ina roƙon Allah ya sa katina ya yi ƙarya.

Tsakiyar ɗigon ta fara duhu.

Ta leƙo ta tambaya me wannan ke nufi. Na gaya mata da sunansa, ban zagaya ba. Na ce inji zai tabbatar, amma kada ta sa rai da wani labari. Na ce an gano da wuri, akwai maganin da za a fara ba shi, akwai alamun da zan koya mata. Ta girgiza kai ta ce ba zai yiwu ba, ai an gwada su kafin aure, Baba da kansa ya gwada.

“Dube ni,” na ce. “Irin jininsa gare ni. Da shi aka haife ni, ga ni zaune a ɗakinki.”

Sista ta juyo ta kalle ni, ta mayar da kai ga diddigen yaron. Maijegon kuwa ba ta ji ni ba ma. Idonta yana kan katin, leɓenta yana motsi, tana haɗa abin da ba na so ta haɗa.

“Anti,” ta ce, “Baba ya sani?”

“Ya sani.”

“Tun yaushe?”

Na ce wannan shi zai gaya mata da bakinsa. Na ce gobe da safe ta kawo yaron, zan jira ta a babbar ƙofa, ba sai ta bi layi ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi audugar daga hannun Sista ta danne diddigen ɗanta da kanta, ta ce mu faɗa mata ƙarfe nawa.